Kafin Ka Yanke wa Akunka Farce

Ɗana, na ji kana ƙorafi cewa akun da kake kiwo ya addabe ka da yakushi, duk lokacin da ya sauka a hannunka sai ya bar maka zane, ya tsattsage wuyan rigarka, har ƙanwarka ta daina zuwa kusa da kejinsa. Na kuma ji abokanka sun ba ka shawarar ka kira mai yankan farce na bakin titi ya datse masa su gaba ɗaya kowa ya huta. Zauna mu yi magana tukuna. Aikin da ka ɗauka na minti biyu ne yana iya nakasa tsuntsun, yana kuma iya rusa yardar da ka daɗe kana nema a wurinsa.

Fara da duban ƙafarsa da kyau. Kaza da tantabara yatsu uku suke da su a gaba, ɗaya a baya. Shi aku biyu ne a gaba, biyu a baya, Allah Ya yi masa ita don kamu. Da ita yake ɗaukar gyaɗa ya kai baki, da ita yake lilo kansa a ƙasa, da ita yake hawa, bakinsa na taimaka mata. Da dare kuwa ƙafa ɗaya yake naɗewa cikin gashinsa, ya kwana tsaye a kan ɗayar har gari ya waye, ba abin da ke riƙe da shi sai waɗannan faratan da kake kuka da su. Saboda haka abin da za mu nema shi ne mu dakushe tsinin da ke huda fata, mu bar masa abin da zai riƙe reshe.

Akun nan mai launin toka da jar wutsiya ɗan kurmi ne. Asalinsa dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, inda yake wuni yana sauka a kan rassa iri-iri, wani mai kauri, wani siriri, wani mai ɓawo mai kaushi. Farcensa kullum tsiro yake yi kamar naka, amma itace yana cinye shi daidai gwargwado, ba wanda ya taɓa bin sa daji da almakashi. Da ya zo hannunmu sai muka ɗora shi a kan sandar ƙarfe mai santsi ko guntun bututun roba, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Farce na ta fita, ba abin da ke goge shi. Kejin da ka yi masa ne ya kaifafa faratan.

Sai ka bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa: kaifi daban, tsawo daban. Ajiye shi a kan tebur ko daɓen siminti ka sunkuya ka duba. In yatsunsa sun kwanta sosai, tafin kowane yatsa yana taɓa ƙasa, faratansa ba su yi tsawo ba, tsini kawai suka yi, kuma gugar kaɗan ta ishe su. In kuwa ka ga farce ya ɗage kan yatsa sama, ko ya sa yatsan ya karkace gefe, ko ya lanƙwashe yana neman komawa cikin nama, to tsawo ya yi yawa. Wata alamar ita ce ka ga yana yawan saƙalewa a labule ko darduma ko wayar keji. Wannan ita ce mai haɗari, domin aku in ya saƙale firgita yake yi, ya yi ta fizga har farcen ya cire ko yatsan ya karye, wataƙila kuma ba kowa a gida. In akunka ƙarami ne, ka ƙara haƙuri da shi. Faratan ɗan aku sun fi na babba tsini, kuma yana bukatarsu haka, tun da riƙonsa bai ƙware ba tukuna.

Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin nan a bakin bishiya yake. Cire sandar nan mai santsi, ka sa masa rassan itace na gaske guda uku ko huɗu, da ɓawonsu, kowane da kaurinsa. Reshen gwaiba yana da kyau, yana da tauri kuma ba ya cutar da shi in ya ɓantara. Ka guji duk itacen da ke fitar da farin ruwa kamar madara, irin su tumfafiya da tinya, ka guji reshen da aka yi wa feshin maganin ƙwari, da katakon da aka shafa wa fenti, domin duk abin da aku ya tsaya a kai sai ya kai masa baki. Wanke reshen, ka shanya shi a rana ya bushe sarai kafin ka saka. Wajen kauri, ga ma'auni: in ya tsaya, ƙafarsa ta zagaye kamar kashi biyu cikin uku na reshen, yatsun gaba da na baya ba su haɗu ba. A haka ne bakin farce ke taɓa itace yana goguwa. In reshen ya cika siranta, faratan wucewa suke yi su rataye a iska, ba abin da ke taɓa su.

Akwai kuma sanda mai kaushi da ake yi da siminti musamman don wannan aiki. In ka samu, guda ɗaya ta isa. Ka sa ta kusa da kwanon abinci ko na ruwa, inda zai riƙa hawa yana sauka sau da yawa a yini. Kada ka sa ta can sama, domin aku a wuri mafi tsawo yake kwana, kuma in ya kwana kullum a kan abu mai kaushi tafin ƙafarsa zai yi ja, ya kumbura, ya zama gyambo mai wuyar warkewa. Saboda wannan dalilin ne ma nake hana ka naɗe sanda da samfefa kamar yadda wasu ke yi. Samfefa tana cin tafin ƙafa kafin ta ci farce. Sannan ka riƙa fito da shi daga keji kowace rana, a ɗaki rufe, ya yi hawa da sauka. Tsuntsun da ke motsi ba kasafai faratansa ke zarcewa ba.

Kai ma akwai abin da za ka gyara a wajenka. Wanda zai ɗauki aku ya sa riga mai dogon hannu, ko ya yafa tawul a damtse, ko ya koya masa hawa 'yar sanda maimakon fatar hannu. Ka riƙe hannunka a tsaye ba rawa, domin yawancin yakushin da kake sha riƙo ne na tsoro: hannu ya girgiza, shi kuma ya ƙanƙame don kada ya faɗi. Kada ka saba masa zama a kafaɗa, kusa da ido da kunne. In ya yage ka, wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, domin ƙafar da ke taka kashinsa ita ce ta yanke ka. Jarirai kuwa a nisanta su da shi.

In an yi duk wannan amma tsinin bai ragu ba, sai a koma ga guga. Nemi ɗan magagarin nan na goge farce da mata ke amfani da shi. Kada ka far masa da shi ranar farko. Aku tsuntsu ne mai shakkar duk abin da bai saba gani ba, ko sabon kwano ka sa masa sai ya yi ta kallonsa a kaikaice kafin ya matso. Ajiye magagarin inda zai riƙa ganinsa har ya daina damuwa da shi. Daga nan ka riƙe shi a hannu kana ba shi abin da ya fi so, ɓarin gyaɗa ko ɗan yankin dabino. In ya saba, taɓa ƙafarsa da yatsanka, ka ba shi lada. Gobe ka taɓa farcen da magagarin, ka ba shi lada. Jibi ka goga sau ɗaya. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne sa'ad da ya maƙale a jikin wayar keji, faratansa sun leƙo waje, sai ka goge guda ɗaya kana yi masa hira. Farce ɗaya a yini ba laifi ba ne, takwas ne duka-duka. In ya janye ƙafa, ƙyale shi, kada ka bi. Sannu ba ta hana zuwa. Akun da aka koya wa haka yakan kai ga miƙo ƙafarsa da kansa, kuma daga ranar kun rabu da kokawa.

Wani lokaci faratan sun riga sun zarce, guga ba za ta yi ba sai yanka. A nan shawarata ita ce karo na farko ka kai shi wurin likitan dabbobi, ka tsaya ka ga yadda ake yi. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwanmu, akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i irin na Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri. Ka tambaya ko akwai wanda ya saba da tsuntsaye. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne farcen aku ba busasshen abu ne tun daga tushe har baki ba. A cikinsa akwai jijiyar jini da ta jin zafi, ta biyo shi har kusa da tsini. A tsuntsu mai farin farce kana iya hango ta ja-ja in ka ɗaga shi a haske. Na akunka baƙi ne, ba ka ganin komai. Mai yankan farcen bakin titi gwani ne a hannun mutum, amma bai san inda wannan jijiya ta tsaya ba, kuma almakashinsa ba a yi shi don farce mai zagaye ba.

In ya zama dole ku yi a gida, to aikin mutum biyu ne, da rana, cikin haske. Ku rufe ƙofa da taga, ku kashe fanka. Ku tanadi abin yanke farce mai kaifi mai tsabta, da magagari, da garin tsayar da jini, duk a gabanku kafin ku taɓa tsuntsun. Reza da wuƙa ba su da wuri a nan, almakashi mai dakushi kuma tsaga farce yake yi. Ɗayanku ya lulluɓe shi da tawul a hankali, ya riƙe kansa ta baya, yatsu a gefen muƙamuƙi don kada ya juyo ya yi cizo, fukafukansa a kwance a jikinsa. Ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai: kada a matse masa ƙirji. Tsuntsu ba ya numfashi yadda muke yi, sai ƙashin ƙirjinsa ya ɗaga ya sauka iska ke shiga. Hannun da ya danne ƙirjin ya toshe masa numfashi ke nan, ko da hancinsa a buɗe yake. Tsuntsu yana iya mutuwa a hannun mai ƙaunarsa ta wannan hanya, ba tare da an zubar da ɗigon jini ba.

Na biyun ya kama yatsa ɗaya, ya cire bakin tsinin kawai, abin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, sannan ya goge gefen da magagari. In kana shakka, rage abin da za ka yanka. Abin da ka bari za ka iya dawowa gare shi, wanda ka cire kuwa sai ya tsiro. Farcen da ya daɗe da tsawo jijiyarsa ma ta yi tsawo tare da shi, don haka ba a mayar da shi daidai a zama ɗaya. Ana rage kaɗan, a bar shi mako biyu ko uku jijiyar ta ja baya, a sake rage kaɗan. Kana yi kana duban tsuntsun. In ya buɗe baki yana haki, ko jikinsa ya saki, ku tsaya nan take ku mayar da shi keji ya huta, ko da farce biyu kawai kuka yi. Musamman a watannin bazara, kada ku yi wannan aiki da tsakar rana, zafi da tsoro in suka haɗu suna yi masa yawa.

Ko gwani yakan taɓa jijiya wani lokaci. In jini ya fito kada ka ruɗe. Ɗebi garin tsayar da jini da ake samu wurin masu sayar da magungunan dabbobi, in babu shi garin masara mai laushi ko fulawa, ka cusa a bakin farcen ka danne da yatsa na minti ɗaya ko biyu ba tare da kana ɗagawa kana leƙe ba. Garin tsayar da jinin na kanti a kan farce kawai ake sa shi, ba a kan buɗaɗɗen nama ba, domin yana ƙuna. Kada ka sa toka ko gishiri ko man birki ko kananzir, duk da na san akwai masu yi wa raunin mutum ma haka. Kada kuma ka raina jinin don ka ga ɗigo ne. Babban aku nauyinsa bai fi giram 400 zuwa 500 ba, jinin jikinsa gaba ɗaya kuwa kamar kashi ɗaya cikin goma ne na nauyin, wato abin da bai cika ƙaramin kofin shayi ba. In ka danne har sau biyu bai tsaya ba, naɗe shi ka nufi likita.

Akwai wata illar yanke farce da yawa wadda ba ta da jini. Akun da aka datse wa farata har suka zama guntaye yakan hau reshe ya zame. Tsuntsu ne mai nauyi, in kuma an rage masa fiffike kamar yadda aka saba, faɗuwarsa a kan ƙirji take ƙarewa, fatar wurin ta tsage. Wanda ya faɗi sau biyu sau uku sai tsoro ya shige shi, ya daina wasa, ya daina magana, wani ma ya fara fige gashin jikinsa. Aku kuma yana da riƙo. Hannun da ya ji masa ciwo yakan daɗe bai sake yarda da shi ba.

Wani lokaci farce saƙo yake kawowa daga cikin jiki. In ka ga faratan suna tsiro da sauri fiye da da, suna murɗewa ko suna ɓarewa, bakinsa ma yana ƙara tsawo, to a duba lafiyarsa, domin ciwon hanta yana nuna kansa ta haka. Abin da ya fi jawo shi a gidajenmu shi ne abinci iri ɗaya mai maiƙo: gyaɗa da safe, gyaɗa da yamma. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa guba ce ga hantarsa. Mayar da gyaɗa abin lada, ka haɗa masa dawa da gero da masara da dafaffen wake, da karas da kabewa da gwanda da mangwaro da ɗanyen ganye. Kwakwar manja abincinsa ce tun a daji, ana ba shi jefi-jefi. Ka fitar da kejinsa ya sha hantsi, da inuwa a gefe, domin irinsa suna yawan fama da ƙarancin sinadarin ƙashi, kuma hasken rana na taimaka wa jiki ya amfana da shi. Kada a ba shi fiya ko cakulan ko kofi, kada kuma baƙo ya gutsura masa goro don wasa. In ka ga fatar ƙafarsa ta yi ɓawo fari-fari tana kauri, wannan ma aikin likita ne. Shi kuwa baki, ko ya yi tsawo kada ka kuskura ka yanke shi da kanka.

Zan gaya maka abin da ya sa na tsawaita a kan abu ƙarami kamar farce. Mu Hausawa mun daɗe da sanin aku. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ya san tsuntsun da hikimarsa ta kai shi ga sarautar waziri. Son da duniya ke yi masa saboda bakinsa shi ne ya zame masa masifa. An yi ta kama shi ana fitarwa ƙasashen waje, ana kuma sare dazuzzukan da yake sheƙa, har wani bincike da aka yi a Gana ya nuna cewa daga 1992 ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta. A 2016, a taron da aka yi a Johannasbag, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES suka haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Saboda haka kada ka ƙara sayen wani daga hannun masu kamowa, domin kowane ciniki kira ne a sake komawa daji. Wanda ke hannunka kuma kada ka ce za ka sake shi don tausayi, ba zai rayu a sararin Arewa ba. Abin da ya rage shi ne ka riƙe shi da kyau, kuma riƙon mai tsawo ne, domin aku a gida yana kai shekara 40 zuwa 60. Wataƙila 'ya'yanka ne za su gaje shi.

Malamai sun kafa hujjar halaccin ajiye tsuntsu da labarin ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ake kira Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har yakan tambaye shi labarinsa. Amma sun haɗa da sharaɗi: a ciyar da shi, a shayar da shi, kada a azabtar da shi. Ka kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Duk mai ran da ka kulle a keji, hakkinsa ya hau wuyanka. Masu zare wa tsuntsu farce daga tushe, ko su ƙona bakin farcen da wuta don kada ya sake tsirowa, su ji tsoron Allah.

To, ga abin da za ka yi. Gobe ka nemo rassan gwaiba ka canza masa wurin tsayawa, ka sayo magagari ka ajiye kusa da kejin. Ka ba shi wata guda kana lura da ƙafafunsa. In tsinin ya ragu, shi ke nan. In bai ragu ba, ka zo mu tafi wurin likita tare, ka koya da idonka. Ƙanwarka kuma ka nuna mata yadda ake miƙa masa sanda ya hau, tsoron zai fita. Allah Ya ba ka haƙuri da tausayin abin da ke ƙarƙashinka, Ya sa ka sauke amanarsa lafiya.